Ina kewar Sufeto Morse da irin binciken da ba a yi masa gaggawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in amayar da wani abu da ya kwana biyu yana cina. Makon jiya jikata ta lalubo mini fitowar ƙarshe ta Inspector Morse, tsohon shirin talabijin na Birtaniya kan wani sufeton 'yan sanda mai binciken kisa, a intanet. Na zauna na kalla har ƙarshe, na tashi idanuna cike da ƙwalla, ita kuma ta rasa abin da ya taɓa kakanta a cikin shirin da ya girme ta.

Na je Ingila karatu a ƙarshen 1986, na kama ɗaki a Birmingham a gidan wata dattijuwa da mijinta ya rasu. A watan Janairun 1987 aka yi wani sanyi da su kansu 'yan ƙasar suka daɗe suna labarinsa. Hitar ɗakina ba ta kamawa sai an jefa fens 50 a mita, aljihun ɗalibi kuwa ka san yadda yake. Da dattijuwar ta lura, sai ta ce in riƙa saukowa falo da daddare mu ji ɗumi tare. Tashoshin talabijin huɗu ne kacal a ƙasar a lokacin, kuma a cikin wannan watan ne tashar ITV ta fara nuna Morse.

Tana da wata al'ada da ban taɓa mantawa ba. Idan aka tafi talla a tsakiyar shirin, sai ta ajiye saƙarta, ta yaga tsohuwar ambulan gida biyu, kowannenmu ya rubuta sunan wanda yake zargi da kisan, a ninke a tura ƙarƙashin agogon da ke saman murhu. Ba mai taɓawa sai an gama. Sau da yawa ita ke dacewa. Ta ce mini in daina bin mai mugun kallo, in nemi wanda yake da abin da zai rasa idan gaskiya ta fito.

Irin wannan wasa ba ya yiwuwa sai da shirin da ke ba ka lokaci. Kowace fitowa ta Morse sa'o'i biyu ce har da talla, kuma fitowa 33 kawai aka yi daga 1987 zuwa 2000. Babu wayar hannu a farkon shirin, babu kyamara a kowace kwana. Sufeto zai shiga jar Jaguar ɗinsa ya ratsa titunan Oxford, ya ƙwanƙwasa ƙofa, a ba shi kujera, ya yi tambaya ɗaya ya yi shiru. A cikin shirun nan ne za ka ga hannun matar gida yana rawa a kan kofin shayi. Kai da shi kuke gani tare, kai da shi kuke aunawa.

Shi kansa Morse, yadda John Thaw ya fito da shi, ba gwarzo ba ne. Mutum ne mai kaifin ƙwaƙwalwa da saurin fushi, wanda ya shiga Jami'ar Oxford ya fita ba digiri, ya tsufa ba mata ba ɗa, abokan zamansa waƙoƙin opera da wasan cike gurbin kalmomi na jarida. Ɗan sanda ne amma ba ya iya tsayawa ya kalli gawa, sai ya kau da kai. Yakan kafe a kan mutumin da ba shi da laifi, ya gina hujja a kansa tsaf, sai mataimakinsa Saje Lewis, wanda yake yi wa gyaran Turanci a gaban mutane, ya zo da wata 'yar magana da za ta rushe ginin. Ga kuma giya, wadda na kalli yadda take cin sa shekara bayan shekara, abin yana ba ni tausayi kamar wani nawa ne. A fitowar ƙarshe zuciyarsa ta buga, ya faɗi a kan ciyawar farfajiyar wata kwaleji. Maganarsa ta ƙarshe a gadon asibiti ita ce a yi wa Lewis godiya, godiyar da ya kasa furtawa tsawon shekara 13. Thaw ma bai daɗe ba, ya rasu a 2002.

Ba Morse kaɗai ba ne. Akwai Taggart na birnin Glasgow, wanda sai da na yi watanni kafin kunnena ya saba da harshensu. Akwai Jeremy Brett a matsayin mai bincike Sherlock Holmes, da David Suchet wanda ya fito a matsayin wani mai binciken, Poirot, daga 1989 har 2013. Kowannensu da irin daɗinsa, amma ba su kama ni kamar Morse ba, sai Prime Suspect da ya zo a 1991, shekarar da na haɗa kayana. Helen Mirren ta fito a matsayin Jane Tennison, macen da aka damƙa wa binciken kisa bayan mutuwar jami'in da ke riƙe da shi, mazan ofis suka yi ta yi mata zagon ƙasa. Daren nan dattijuwata ba ta yaga ambulan ba, saƙar ma a cinyarta ta kwana.

Kada a ce kewa ta rufe mini ido. Na kalli maimaicin The Sweeney na shekarun 1975 zuwa 1978, inda Thaw ɗin nan dai yake ɗan sandan Landan mai fasa ƙofa da marin wanda ake zargi, ana nuna abin kamar bajinta. Ina zaune a Birmingham a 1991 aka saki mutum shida da suka shafe shekara 16 a kurkuku kan harin bam da ba su kai ba, bayan an tilasta wa wasunsu amsa laifi. Tun daga nan nake jin sanyi a raina duk lokacin da na ga jami'i a cikin shiri ya danna rikoda, ya faɗi ƙarfe nawa da sunayen waɗanda ke ɗakin kafin ya fara tambaya, tsarin da ya biyo bayan dokar 1984 da ta tsara yadda 'yan sandan Ingila ke bincike da yi wa wanda ake zargi tambayoyi.

Na gwada kallon na zamani tare da jikokina. Hotonsu ya fi kyau nesa ba kusa ba, wannan ban musa ba. Sai dai kafin ka san sunan mamaci na farko an kashe na uku, kwamfuta ta fito da fuskar mai laifi, an wuce. Ba a tsayawa a nuna maka uwar da aka je gaya wa, da yadda ɗan sanda yake tsayuwa a bakin ƙofa yana neman ta inda zai fara.

Wani abin takaici kuma, shirye-shiryen da suka riga waɗannan fitowa da yawa sun salwanta. Dixon of Dock Green, wanda BBC ta nuna daga 1955 zuwa 1976, ya haura fitowa 400, amma mafi yawansu babu su, domin a da goge faifai ake yi a sake ɗaukar wani abu a kai. Dattijuwata ta sha ba ni labarinsa, ta ce ita da mijinta ba sa fashin kallonsa ranar Asabar.

Roƙona, Malam Edita, shi ne shafinku na nishaɗi ya riƙa waiwayar irin waɗannan tsofaffin shirye-shirye ko da sau ɗaya ne a wata, a faɗi wanda ya rubuta, da waɗanda suka fito, da abin da ke faruwa a Birtaniya lokacin da aka yi su. Na tabbata akwai tsarata da suka yi karatu can, ko suka kalla a kaset ɗin bidiyo, waɗanda za su aiko da nasu labarin. Ni dai jikata ta yarda ranar Juma'a mai zuwa za mu fara daga fitowa ta farko, na kuma tanadi ambulan.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malami, mai karanta jaridarku