Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Gwamna Dauda Lawal: An kashe Halilu Sububu, ina waɗanda suka ɗaure masa gindi?

Assalamu alaikum, Mai girma Gwamna. Ina gaishe ka, ina kuma roƙon Allah Ya kama maka. Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami, kuma ka san ta fiye da ni.

A ranar 12 ga Satumba, 2024, sojoji suka yi wa Kachalla Halilu Sububu kwanton ɓauna a kusa da Mayanchi, suka kashe shi tare da yaransa da dama. Mutanen Anka da Maru da Maradun sun yi murna ta gaske, domin sun san ko wane ne ya faɗi. Halilu ba ɓarawon shanu ne kawai ba. Masu bincike da 'yan jarida sun daɗe suna bayyana shi a matsayin babban dillalin makamai na dajin Zamfara, mai hanyoyin da suka tsallaka iyakar Nijar, mai iko da ramukan zinariya na wajajen Bagega da Sunke. Shi kansa ƙasurgumin ɗan bindigar nan Bello Turji, a bidiyon da ya saki bayan kisan, ya kira shi maigidansa. Allah Ya saka wa sojojin da suka yi wannan aiki, Ya jiƙan waɗanda suka rasa rayukansu a dajin nan.

To amma mutum irin wannan ba ya rayuwa shi kaɗai a daji. Zinariyar da ake haƙowa a ramukansa tana da masu saye, kuma masu sayen nan a cikin gari suke kwana. Bindigogin da yake rabawa ta kan hanya suke biyowa, su wuce shingayen bincike. Akwai mai kai masa mai, akwai mai kai magani, akwai mai ajiye masa kuɗi, akwai mai buga masa waya ya ce ga sojoji nan tafe. Da ya mutu, mun zaci bin sawun waɗannan mutane ne zai biyo baya. Abin da ya biyo baya shi ne cacar baki tsakaninka da ƙaramin ministan tsaro, Bello Matawalle, wanda ka gada a kujerar gwamna.

Ko mako guda ba a cika da kisan ba ka bayyana a gidan talabijin, ka zargi wanda ka gada da hannu a harkar 'yan bindiga, ka ce an riƙa saukar da su a gidan gwamnati a zamaninsa, ka ce da kai ne da ka ajiye muƙamin ka je ka wanke sunanka. Shi ma ya fito ya musanta, ya ce ya rantse da Alƙur'ani ba shi da hannu, ya ƙalubalance ka da kai ma ka rantse. Daga nan magoya baya suka karɓe zancen, kowane ɓangare na yanko bidiyon Turji yana watsawa a Facebook don ya ɓata ɗayan. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan, ranka ya daɗe: ɗan ta'addan da ya mayar da Shinkafi da Zurmi da Isa da Sabon Birni filin makoki ya koma shaidar da 'yan siyasa ke kafa hujja da maganarsa. A daidai makonnin nan kuma mutanen Moriki suna karo-karon miliyoyin naira na harajin da ya ɗora musu.

Ni ban san gaskiyar wannan zargi ba, kuma ba aikina ba ne in yanke hukunci. Aikin kotu ne. Zargin da ka yi ba ƙarami ba ne, kuma ba a majalisar shayi ka yi shi ba. Gwamna mai ci, wanda takardun gidan gwamnati ke hannunsa, ya faɗa wa duniya cewa tsohon gwamna yana da hannu a zubar da jinin talakawansa. In gaskiya ne, barin maganar a talabijin cin amanar waɗanda aka kashe ne. In kuma babu hujja, an zalunci mutum, an kuma raba kan jihar da ba ta da ƙarfin ɗaukar rabuwa. Sashe na 308 na kundin tsarin mulki shugaban ƙasa da gwamnoni da mataimakansu kawai ya ba kariya, bai haɗa da minista ba. Kana da kwamishinan shari'a. Kana da ikon kafa kwamitin bincike na shari'a wanda zai zauna a bainar jama'a ya kira shaidu. Me ya hana?

Na san amsar da ka saba bayarwa, cewa sojoji da 'yan sanda daga Abuja suke karɓar umarni. Wannan gaskiya ne, kuma matsala ce babba. A Satumban 2025 ma ka faɗa cewa ka san inda jagororin 'yan bindigar suke, kuma da jami'an tsaro na ƙarƙashinka da cikin wata biyu ka gama da su. Na yarda ba kai ke juya bataliya ba. Amma naɗa sarki ko hakimi da tuɓe shi a hannunka yake. Gurfanar da mai kai wa 'yan bindiga bayanai da dillalin shanun sata a gaban babbar kotun jiha ba ya buƙatar izinin kowa a Abuja.

Kuma ba daga farko za ka fara ba. A 2019 kwamitin tsohon sufeto janar na 'yan sanda, M.D. Abubakar, ya miƙa rahotonsa ga gwamnatin jihar nan. Ya ƙirga mutum 6,319 da aka kashe daga 2011 zuwa 2019, mata 4,983 da suka zama zawarawa, yara 25,050 da suka zama marayu. Ya kuma nuna yatsa ga sarakuna biyar da hakimai da wasu jami'an tsaro. A 2022 an tuɓe sarakunan Zurmi da Ɗansadau, sauran abin da ke cikin rahoton kuma ya kwanta a durowa. Durowar nan yanzu a ofishinka take. Ka fito da shi mutane su karanta.

Ina matsa maka ne saboda mun taɓa ganin irin wannan murna. A Maris na 2018 aka kashe jagoran 'yan bindiga Buharin Daji, aka kawo gawarsa Gusau, jama'a suka yi dafifi suna kallo. Yaransa suka watse, kowanne ya kafa tasa daba, shekarun da suka biyo baya suka fi na baya muni. A 2021 aka kashe Auwalun Daudawa, a ƙarshen 2023 aka kashe Ali Kawaje, su ma jagororin 'yan bindiga ne. Kowane karo an kashe maciji ne ba a sare kansa ba, domin mai sayen zinariya da mai shigo da harsashi suna nan, jira kawai suke wani kachalla ya taso. Bayan mutuwar Halilu da wata goma, a Yulin 2025, an kashe fiye da mutum 30 'yan ƙauyen Banga a Ƙaura Namoda bayan an biya kuɗin fansarsu.

A Disambar 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da aka sa wa Zamfara tun 2019. Jama'a na da haƙƙin sanin hannun wa ramukan da Halilu ya bari suka koma. Akwai kuma batun Askarawan Zamfara, dakarun tsaron al'umma da ka ƙaddamar a Janairun 2024, da kula da iyalan waɗanda suka mutu cikinsu, da korafe-korafen wuce gona da iri, amma wannan sai wata rana.

Ka yi alkawarin ba za ka yi sulhu da 'yan bindiga ba, kuma mutane da yawa sun zaɓe ka a 2023 ne saboda ka ce ceto Zamfara ka zo yi. Don girman Allah, ka kai hujjojin da ka ce kana da su gaban alƙali, ko su shafi wa, ko ɗan jam'iyyarka ne, ko mai rawani. Ka saki rahoton M.D. Abubakar. Ka sa a binciko masu cin gajiyar zinariyar Anka, a karanta sunayensu a kotu.

Wassalam.

Naka,
Wani ɗan jihar Zamfara