20 ga Mayu ba ranar 'yancin Kamaru ba ce

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na ranar Asabar ya ɓata mini rai ƙwarai. Daga farko har ƙarshe mai gabatarwa yana ta kiran 20 ga Mayu ranar samun 'yancin Kamaru, baƙin da kuka gayyato kuma babu wanda ya tanka masa. Haba Malam! Ranar 1 ga Janairu 1960 Kamaru ta karɓi mulkin kai daga hannun Faransa. Ita 20 ga Mayu ranar ƙuri'ar raba gardama ce ta 1972, wadda ta rushe tarayya aka dunƙule ƙasar wuri guda. Shekara 12 ke tsakaninsu.

Abin da ya fi ƙona mini rai, har aka rufe shirin ban ji sunan Ahmadu Ahijo ba. Ɗan garin nan ne, a Garwa aka haife shi, shi ne shugaban ƙasa na farko. Ban ce ba shi da laifi ba, iyalan waɗanda aka tsare a Tcholliré a zamaninsa suna da abin faɗi, ku gayyato su ma su faɗa. Amma mutum ya rasu a Dakar tun 1989, ƙasarsa ba ta ɗauko gawarsa ba, matarsa Germaine ta yi ta roƙo har ita ma ta rasu can a 2021. Sannan ku ma ku share shi?

Kowace 20 ga Mayu ni nake ɗinka wa jikokina kayan fareti. Su fita tun da asuba, su tsaya cikin zafin Garwa suna jiran gwamna, a yi maci, dawakan lamiɗo su yi sukuwa. Ban ƙi ba, biki ne mai kyau. Sai dai 1 ga Janairu tana wucewa da sunan sabuwar shekara kawai, ba a ce wa yaran komai. Bayan shirinku jikata ta tsaya tana musu da ni, wai "Kaka, ai rediyo ya faɗa." Kun ga ɓarnar da kuka yi mini a gida. Ku gyara a shiri na gaba, da bakin wanda ya yi kuskuren.

Sannan don Allah wa ya mayar da filin gaishe-gaishe daidai lokacin sallar magariba? Muna masallaci ake karanta saƙonninmu. Ku maido shi bayan isha'i yadda yake a da.

Naku mai sauraro,
daga unguwar Yelwa, Garwa