Motar iska: a gaya wa matasanmu wanda zai cika tankin

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya, na rubuto ne a kan shirinku na kimiyya da kuka yi game da ƙananan motoci masu tafiya da matsattsiyar iska. Shirin ya shiga jama'a a nan Kassala ta ƙasar Sudan fiye da yadda kuke zato. An yi ta tura shi ta WhatsApp, direbobin raksha, wato keke mai ƙafa uku na haya, suna sauraro a tasha, kuma abin da yawancinsu suka ɗauka shi ne an samo motar da ba ta shan komai. Ban ga laifinsu ba. Wanda ya kwana a layin mai, ka ce masa iska za ta ja mota, dole ya kasa kunne. Ni sana'ata facin taya, da kwampreso nake wuni, shi ya sa nake roƙon ku ba ni dama in ƙara abin da shirin bai faɗa ba.

Abin gaskiya ne, ba tatsuniya ba. Ana matsa iska a cikin tanki, a sake ta kaɗan-kaɗan ta bawul, ta tura fistin, fistin ya juya ƙafa. Ba tartsatsi, ba hayaƙi. Kuma ba sabon abu ba ne. Tun 1879 taragon fasinja masu aiki da iska, ƙirar injiniya Louis Mékarski, suka fara yawo a titunan birnin Nantes na Faransa, suka yi shekaru fiye da 30 suna aiki. A ramukan haƙar kwal ma an daɗe ana jan kaya da irin wannan inji, don wuri ne da tartsatsi ɗaya zai iya hallaka mutane.

A zamaninmu wanda ya fi ɗaukar maganar da zafi shi ne Guy Nègre, injiniya Bafaranshe da ya yi aikin injinan motocin tsere, ya kafa kamfanin MDI a 1991. A 2007 kamfanin Tata na Indiya ya ƙulla yarjejeniya da shi, duniya ta ɗauka motar talaka ta zo. An nuna wata ƴar ƙarama mai suna AirPod, an yi ta sa ranar fitowa ana ɗagawa, har Nègre ya rasu a 2016 ba a ga motar tana yawo a kasuwa ba. Peugeot ma ya fito da tasa a 2013, mai haɗa fetur da matsattsiyar iskar naitrojin, bayan kamar shekara biyu ya jingine ta. Wasu a tasha suna cewa masu mai ne suka danne abin. Ni ban yarda ba. Indiya sayo yawancin manta take yi daga waje, da motar ta yi abin da aka ce, babu mai hana Tata sayar da ita.

Dalilin yana cikin iskar kanta. Tankin iska randa ne, ba rijiya ba: abin da ka zuba shi za ka ɗiba, kuma wannan randar tana yoyo tun wajen zubawa. Duk mai shakka ya zo shagona lokacin da kwampreso yake aiki, ya kai hannu kusa da bututun da ya fito daga kan injin. Ba zai iya riƙe shi ba don zafi. Wannan zafin wutar lantarki ce da na biya kuɗinta take bin iska tana tafiya. Da yamma in na kwance bawul ɗin ƙasan tanki, ruwa mai tsatsa ne yake tsartowa, damshin da ke cikin iskar da aka matsa. Sannan in ka saki iskar da ƙarfi, bakin tiyo sanyi yake yi. A injin mota wannan sanyin yana kaiwa ga ƙanƙara ta toshe hanya, kuma iska in ta yi sanyi ƙarfin turinta raguwa yake yi. Shi ya sa Mékarski ya riƙa bi da iskarsa ta cikin tukunyar ruwan zafi kafin ta isa fistin. An yi asara wajen matsawa, an kuma yi wajen saki.

Ga lissafin a taƙaice. Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar bar 2 zuwa 2 da rabi a geji, bar kuwa shi ne ma'aunin matsin iska. Kwampreson shago irin nawa yana tsayawa wajen bar 8 zuwa 10. Motar iska kuwa bar 300 ake magana, a tanki na musamman da ake naɗewa da zaren kabon. Tanki mai cin lita 300, wato durom ɗaya da rabi, in aka cika shi har bar 300, ƙarfin da ke ciki a takarda bai wuce na fetur lita ɗaya da rabi ba. Na san injin fetur ma yana zubar da fiye da rabin ƙarfin mansa a zafi, amma ko an cire wannan, tazarar tana nan. A 2009 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun auna, suka samu cewa motar iska ta fi motar batir cin wuta nesa ba kusa ba, kuma in da kwal aka samar da wutar, hayaƙin da ta jawo ya fi na motar fetur.

To, Malam Edita, wutar nan ita ce ba mu da ita. Tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 da kusan kashi uku cikin huɗu na man ƙasar nan muke fama, yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya zo ya ƙarasa. Matatar Jaili ta ƙone, jirage marasa matuƙi sun kai hari tashar wutar Marawi da rumbunan mai na Port Sudan a 2025. In aka ɗauke wuta, ni kaina janareta nake tayarwa kafin in hura taya ɗaya. Wanda zai cika tankin bar 300 da janareta, man nan dai ya ƙona, har ya fi wanda zai zuba wa raksharsa kai tsaye.

Duk da haka ba na so a yar da maganar, don akwai inda nake ganin za ta yi rana. Raksha ba ta doguwar tafiya irin ta zuwa birnin Gadarif. Daga kasuwa zuwa unguwa take yi, ta tsallaka gadar kogin Gash ta dawo, nauyinta kaɗan, gudunta kaɗan. Irin wannan zirga-zirgar ce ta dace da iska. Tanki yana cika cikin ƴan mintoci in akwai babban tankin ajiya a tasha, alhali batir sai ya ɗauki awoyi. Zafinmu da ke haura digiri 40 a watan Mayu yana cin batir, tanki kuwa bai damu ba, zafin ma taimakon iskar yake yi wajen buɗewa. Abin da ke fita ta salansa iska ce mai sanyi, kuma duk wanda ya ɗauko mara lafiya a raksha da tsakar rana ya san darajar wannan. Rana kuma Allah ya hore mana, ga masu lambu nan sun fara ban ruwa da sola. Amma fa sai an gwada an auna, da ƙurarmu da komai, don habub ɗaya, wato guguwar ƙura, ya isa ya toshe matacin kwampreso. Kafin yaƙi an fara haɗa raksha mai batir a Bahri, wato Khartoum ta Arewa, kuma a yau, in aka ba ni faifan sola guda aka ce in zaɓa, batir zan saka wa, don shi ya fi mayar da abin da aka ba shi.

Babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tsoro. Bayan shirinku yara biyu sun zo mini da tukunyar gas ta girki, wai in hura musu ita iya ƙarfin injina za su ɗaura wa babur. Na hana, na zaunar da su na yi musu bayani. Tukunyar gas ba a yi ta don wannan ba, ga ragowar gas a ciki da zai gauraya da iska, ga tsatsa da ido ba ya gani. Mu masu faci mun san abin da tayar babbar mota take yi wa mutum in ta fashe, ita da ba ta wuce bar 8 ko 9 ba. Yaran nan masu basira ne, kuma ba kowane mai shago ne zai hana su ba.

Don haka ina roƙon ku sake waiwayar batun. Ku gayyato malamin injiniyanci daga ɗaya daga cikin jami'o'inmu, ya faɗa da Hausa ƙarara nawa ake kashewa na wuta kafin tanki ya cika, kilomita nawa yake kaiwa, kuma wane irin tanki ne aka yarda a matsa wa iska haka. Ku kuma ja kunnen masu sauraro kada kowa ya gwada da tukunyar gas a gida. Allah ya ƙara basira, ya kawo mana zaman lafiya a Sudan.

Naku mai sauraro,
wani mai facin taya,
Kassala, Sudan