Takardar Koke Daga Mazauna Bakin Kwari A Garin Gombe Zuwa Ga Majalisar Ƙaramar Hukuma

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma da Kansilolinsa,
ta hannun Mai Girma Hakimi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta ban girma da fatan alheri, mu ne magidanta, limamai, iyaye mata da matasan unguwannin da ke zaune a bakin kwari a cikin garin Gombe. Labari ya iso mana ta bakin masu unguwanninmu cewa majalisarku na shirin zama don sake duba ƙa'idojinta kan gine-gine, tsaro, tsabtar muhalli da basussuka. Mun yi farin ciki da jin haka. A takarda abubuwa huɗu ne daban-daban, amma a wurinmu dukkansu wuri ɗaya suke haɗuwa, wato kwarin da ke bayan katangunmu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka muna roƙon a saurare mu kafin a sa hannu a kan komai.

Ba sai mun bayyana maka yadda Gombe take zaune ba. Gari ne a gangare, ƙasarsa yashi-yashi ce, ruwa kuma daga tudun yamma yake kwararowa ya nufi gabas. Tun da aka ƙirƙiro jiha a 1996 gari ya buɗe, gonakin da ke shanye ruwa a da suka koma gidaje da kwanon rufi da siminti, duk ruwan da ya sauka sai ya tattaru ya biyo ta kanmu. Manyanmu ba su manta da ambaliyar watan Agustan 2004 ba, wadda ta ci rayuka ta kuma rushe gidaje a garin nan. Wasu daga cikin masu sa hannu a wannan takarda sun ɗauki gawa a lokacin.

Batun gida shi ya fi hana mu barci. An sha ce mana mu muka jawo wa kanmu, wa ya aike mu gini a bakin kwari. Ranka ya daɗe, da yawa daga cikinmu lokacin da iyayenmu suka sayi filayen nan kwarin ɗan lambatu ne da yaro ke tsallakewa. Shi ya taho ya same mu. Waɗanda suka zo daga baya kuwa kuɗin haya ne ya koro su daga tsakiyar gari, musamman bayan da 'yan uwanmu daga Borno da Yobe suka yo hijira saboda rikici, ɗakuna suka yi wuya, sannan aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya ninka. Mai ɗinki ko ɗan acaɓa mai 'ya'ya shida ba ya zaɓen bakin rami don sha'awa.

A zo a ga yadda muke shirin damina. Tun hadari bai fara haɗuwa ba magidanci zai sayi buhunan da aka juye siminti, ya cika su da yashi, ya jera a gindin katanga, ya danne da tsofaffin tayoyi, ya dasa kashe-kwari a gefe. Ruwa ɗaya mai ƙarfi ya isa ya kwashe duka. Akwai gidan wata dattijuwa mai riƙon marayu da a yanzu bayan gidanta a rataye yake, rabin dakalin salgar ya fita kan iska, ana hango ƙasan kwarin ta tsagar bango. Idan aka fara ruwa da dare sai ta tashi jikokinta su koma zauren maƙwabci har gari ya waye. Kamarta ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Ba mu ce a bar kowa ya yi gini inda ya ga dama ba. Mu da kanmu muna so a hana sabon gini a kan hanyar ruwa, a kuma hukunta dillalan da ke yanka filaye a bakin kwari suna sayar wa talaka. Abin da muke tsoro shi ne a wayi gari a ga jan fenti a bangonmu da wa'adin mako biyu. Muna roƙon a rubuta cikin sabuwar ƙa'ida, ɓaro-ɓaro, cewa ba za a rushe gidan da mutane ke ciki ba sai an ƙidaya, an yi kima, an biya diyya ko an ba da madadin fili a wurin da ruwan sha da makaranta suke. Mun san cewa dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun Gwamna, kuma takardun fili a GOGIS, hukumar jiha mai rajistar filaye, ake yin su, amma ku ne kuka fi kusa da mu, bakinku ya fi namu isa can. Mun ga aikin da aka yi a kwarin jami'ar jiha zuwa unguwar Malam Inna a ƙarƙashin shirin yaƙi da zaizayar ƙasa na NEWMAP, da na kwalejin horar da malamai ta tarayya a ƙarƙashin shirin kare muhalli na ACReSAL. Inda aikin ya ratsa mutane sun samu barci. Ƙananan kwaruruwan da ke zuba cikin manyan su ne suka rage, kuma a bakinsu muke.

Kan shara, jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora kwasar shara, magudanan ruwa, fitilun titi da bayan gidan jama'a a wuyan ƙaramar hukuma. A lungunanmu babu wurin zuba shara, mota ba ta iya shiga. Yaron da aka ba wa kuɗi ya kwashe shara a baro kwari yake nufa, domin babu wani wurin. Ledar ruwa ta toshe kwalbati, ruwa ya rasa hanya ya faɗo cikin gidaje, ya haɗu da salga, daga nan sai amai da gudawa. Idan za a ci tarar mai zuba shara a kwari, a fara ajiye mazubi a bakin kowane layi, a haɗa kai da GOSEPA, hukumar kare muhalli ta jiha, kan ranar kwashewa, a dawo da duba-gari masu shiga gida-gida kamar da. Sannan a tsawata wa masu tifa da ke ɗibar yashi a cikin kwarin. Duk tifa ɗaya da ta fita, gindin katangar wani ta ɗauka.

Tsaro kuwa gajeren bayani ne. Kwarin nan da dare maɓoyar 'yan kalare ce da masu shaye-shaye da masu ƙwacen waya, saboda duhu. A sa fitilu masu amfani da hasken rana a mashigai da gadojin ƙafa, a yi wa 'yan sintirinmu rajista a ba su ɗan alawus da tocila. Yaran nan 'ya'yanmu ne, mun san iyayensu, duk wanda ya ajiye makami a sama masa sana'a.

Saura maganar bashi, kuma fuska biyu gare ta. Akwai wanda hukuma ke bin mu, na kuɗin rumfa a kasuwa da harajin gida da na shago. Ba mu ƙi biya ba. Amma mutumin da kowace shekara sai ya ci bashi ko ya kwashe adashin matarsa ya tayar da katangar da ruwa ya kayar, a yi masa sassauci: a yafe wa wanda gidansa ya rushe kuɗin shekarar, a bar sauran su biya kaɗan-kaɗan, a daina garƙame shago ba tare da takardar gargaɗi ba, kuma duk abin da aka karɓa a ba da rasit. Sai wanda hukuma ke ciyowa da sunanmu. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi su riƙa zuwa hannunsu kai tsaye, idon talaka ya dawo kanku. Dokar tarayya ta 2007 kan kashe kuɗin gwamnati ta ce ba a cin bashi sai don manyan ayyuka da gina al'umma. Idan har za a ci, to a ci don kwalbati da magudanar ruwa, a liƙa adadinsa da wa'adin biyansa a allon sakatariya da ƙofar fadar Hakimi, da Hausa. Tsofaffin ma'aikata da malaman firamare da ke cikinmu masu jiran haƙƙinsu na ritaya su ma a sa su a gaba cikin lissafin.

Roƙonmu na ƙarshe, ranka ya daɗe, kwamitin da zai yi wannan bita ya tako da ƙafarsa kafin ruwan farko, masu unguwanni su zagaya da shi gida-gida. A kuma ba mu kujera a zaman, namiji ɗaya da mace ɗaya daga kowace unguwa. Mun haɗa da jerin gidajen da suka fi shiga haɗari da hotunansu, kwafi ɗaya yana hannun Mai Girma Hakimi. Muna jiran a sanar da mu ranar zuwa ta hannunsa.

Allah ya taya ka riƙo, ya ƙara wa Mai Martaba Sarki lafiya da nisan kwana.

Wassalam.

Dattawa, limamai, iyaye mata da matasan unguwannin bakin kwari, Gombe.