Awara ba dole sai an soya ba, dusarta ma abinci ce

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da 'yan'uwana mata masu fama da tukunya a wannan tsadar rayuwa. Nama ya fi ƙarfin gidaje da yawa, kowa ya sani. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda abincin yaranmu ya koma shinkafa da mai da yaji ko taliya, rana da dare, alhali ga waken suya nan jibge a kasuwar Tudun Hatsi ta nan Gombe, mudunsa bai kama ƙafar kuɗin kilon nama ba.

'Yata ce ta fara nuna mini girkin mutanen Japan a YouTube, kuma abin da ya ja hankalina shi ne awara. Tasu da tamu hanya ɗaya ce: a jiƙa wake, a markaɗe, a tace, a dafa, a sa abin da zai dunƙule ta. Mu ruwan tsami muke sawa, su kuma wani ruwa mai ɗaci da ake samu wajen yin gishirin teku. Bambancin yana wajen ci. Mu sai ta sha mai a kasko, an barbaɗa yaji, yaro ya ci a bakin titi. Su galibi yanka ta suke ƙanana su zuba a romo, ba suya.

Ga yadda nake yi a gidana. Kan busasshen kifin Dadin Kowa da ƙayarsa, waɗanda da ake zubarwa, su nake tafasawa da albasa da ɗan citta, in tace. Sai daddawa, sai zogale ko alayyahu, awarar kuma a ƙarshe, ta yi tafasa ɗaya in sauke, don idan ta daɗe a wuta farfashewa take. Ba ɗigon mai a ciki. Su mutanen Japan da ganyen teku da busasshen kifi suke haɗa nasu romon, su dama miso, wato waken suya da aka ruɓar da gishiri, wanda aikinsa a tukunya kusan na daddawa ne. A cikin ganyen tekun nan ne wani malaminsu, Kikunae Ikeda, ya gano sinadarin ɗanɗano a 1908, wanda ya zama farin magin Ajinomoto da muke saye. Daddawa da busasshen kifi suna ba da irin wannan ɗanɗanon, shi ya sa dunƙulen magi ɗaya yake isata inda da nake sa uku.

Inda na fi son mata su saurare ni shi ne dusar awara. Duk mai yin awara a unguwarmu awaki take ba wa, ko ta sayar wa masu kiwo. A Japan abinci ce ta mutane, suna dafa ta da karas da albasa. Ni nakan matse ta sosai, in turara ta kamar dambu, sannan in juya ta a kasko da cokali biyu na man gyaɗa, albasa, attaruhu, karas da kabejin Kwadon. Tana cika ciki ƙwarai. Sharaɗi dai ta dahu sosai, domin ɗanyen waken suya yana ɓata ciki, kuma a yi ta ranar da aka tace, zafin Gombe ba ya barin ta kwana ba ta yi tsami ba. Maigida da farko kallonta kawai ya yi ya ce, "Maman yara, abincin tumaki kuma yau?" Yanzu shi ke tambaya.

Tsarin zubawarsu ma na ɗauka: shinkafa kaɗan a ƙaramin kwano, romo a nasa, ganye da wake a gefe. Mutanen tsibirin Okinawa na Japan suna da al'adar tsame hannu kafin ciki ya cika, mu kuwa Manzon Allah (SAW) ya riga ya koya mana kason ciki uku, na abinci, na ruwa da na numfashi.

Ba komai nasu zan kwaso ba. Suna sa giyar shinkafa a girki, wannan haram ce a gare mu. Gishirinsu kuma ya yi yawa, ga shi Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, ga hawan jini ya yi mana katutu.

Roƙona ga ma'aikatan jinya masu yi wa mata bayani ranar awo da ranar rigakafi, su riƙa nuna wannan a aikace, da tukunya da murhu, kamar yadda suke koya mana kunun waken suya na yaye. Mazaje kuma da kaka ta yi su taimaka su ajiye mana ko da tiya biyar ce ta waken, kafin 'yan kasuwa su kwashe farashi ya tashi.

Daga wata uwa,
Unguwar Bolari, Gombe.