Sanarwa kan kalmomin ƙara dagula lamari a Turanci

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ga amsar tambayar jiya, kan yadda Bature ke cewa an ƙara dagula abin da dama ya lalace. Mafi sauƙi ita ce worsen. Aggravate kuwa tushenta kalmar Latin gravis, wato nauyi, kamar ka ƙara wa mai kaya kaya, ko ka fama wa mutum ciwo. Exacerbate ta fi yawa a bakin likitoci da ƴan jarida, misali ƙurar hunturu tana tsananta asma. Don Allah kada a rikita ta da exasperate, wato ƙular da mutum. Wannan kuskuren yana damuna ƙwarai, musamman ga masu shirin jarrabawa. Inda muke cewa ana kukan targaɗe sai ga karaya, su from bad to worse suke cewa. Kowa ya turo jimlarsa kafin Juma'a.