Barka da Sallah daga Ingila, garin da babu kalangu

Assalamu alaikum Baba da Inna, barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana.

Nan ma an sauko idi, amma a ɗakin taro aka yi, ana sallamewa kowa ya kama hanyar aiki, gari tsit. Na san yanzu Tudun Wada ta kacame, makaɗan mahauta sun rataya kalangu suna bin rumfuna. Mutanen Ingila kuwa duk abin da aka rufa wa fata jembe suke ce masa, wato gangar mutanen Mali da Gini mai baki ɗaya, wadda ake bugawa da tafin hannu. Tana da amo, ban musa ba, sai dai ba ta kiran sunan kowa. Shi kalangu baki biyu gare shi, tsarkiya ta haɗe su. Ka matse a hammata murya ta hau, ka saki ta sauka, da haka yake faɗin kirari har mai shi ya waiwayo.

Yaya, na gidanmu da ke rataye a zaure nake ji. Damina ta kama, laima kan saki fata muryar ta dushe. A ɗan nuna masa rana, amma kada yara su kai shi bakin wutar suya, nan da nan fatar za ta tsage. Tsarkiyar a shafa mata mai kaɗan don kada ta bushe ta tsinke, kuma a nisanta shi da ɓera. In za a sake rufi, kada a ce ga fatar ragon layya, ba ta jure makaɗi. A nemi ta ɗan akuya marar kauri, a jiƙa, a kankare gashin tas, a ɗaura da danshinta, ta bushe a inuwa. Fatar shanu kuwa ta tambari ce, a bar wa fada kayanta.

Duk wanda zai je Zariya kallon Hawan Daushe ya ɗauko mini bidiyo, ya tsaya kusa da masu tambura da kakaki, dawakin na yafe.

A gaida Kawu da iyalinsa, da mutanen Rigasa. A gaida Goggo da kyau da kyau, a ce mata ina jin guɗarta har nan, kuma kason soyayyen namana na bar mata, kada Auta ya taɓa. Shi ma Autan ina gaishe shi, ya rage dukan bokitin Inna.

Ɗanku.